Ƙashin dainoso a kasuwar gwanjo: na mai kuɗi ne ko na kowa da kowa?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye ya dawo daga baya.

A ranar 16 ga Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya yi wani ciniki a birnin Niyok na Amurka. Cikin kayan da aka buga wa ƙararrawa akwai wani dutse mai nauyin kusan kilo 25, wanda masana suka tabbatar daga duniyar Mas ya faɗo. An tsince shi a yankin Agadas a watan Nuwamban 2023, aka sayar da shi a kan dala miliyan 5.3. Ba a faɗi mai sayarwa ba, ba a faɗi mai saye ba. Gwamnatin Nijar ta ce ita ba ta yarda da yadda dutsen ya fita ba, ta buɗe bincike. Kamfanin kuma ya ce takardunsa cikakku ne. Wannan labarin da yawanmu mun ji shi, har mun yi ta cacar baki a kansa a nan.

Abin da bai yi yawo sosai ba shi ne, a wannan zaman dai an sayar da ƙwarangwal ɗin wani ɗan dainoso mai suna Ceratosaurus a kan dala miliyan 30.5. Wato ya ninka kuɗin dutsen namu kusan sau shida. Tun daga lokacin abin yake min yawo a kai, domin ƙasar da dutsen nan ya fito tana cikin wuraren da suka fi ko'ina arzikin irin waɗannan ƙasusuwa a Afirka. In dutse ya iya sulalewa daga Agadas ya ɓulla a Niyok, me zai hana ƙashi?

Ga wanda bai saba da kalmar ba, dainoso su ne dabbobin nan na zamanin da can, dangin masu jan ciki, waɗanda a lissafin masana suka ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, ban da reshensu da ya zama tsuntsaye. Wani Bature masanin halittu, Richard Owen, shi ya raɗa musu sunan a 1842. Abin da muke samu yau burbushinsu ne: laka ko yashi ya binne gawar, ma'adinai suka yi ta shiga cikin ƙashin a hankali har ya koma dutse.

Bari in fara da gida kafin mu tafi Turai.

A kudu maso gabashin Agadas, a bakin saharar Tenere, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa. Faransawa masu neman yuraniyom ne suka fara kai rahoton ƙasusuwan da ke warwatse a wajen, daga nan wani matashin masani Philippe Taquet ya je a tsakiyar shekarun 1960. A can aka samo kadan nan mai suna Sarcosuchus, wanda kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. A can aka samo Ouranosaurus nigeriensis, wanda Taquet ya yi bayaninsa a 1976. Daga baya Ba'amurke Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya shigo da tawagarsa a shekarun 1990, suka fito da Afrovenator, da Suchomimus, da Jobaria daga yankin Ingal, sannan Nigersaurus a 1999, mai haƙora sama da 500 jere a baki kamar tsintsiya, wanda ya rayu kimanin shekaru miliyan 110 baya. A lokacin wannan saharar da muke gani koguna ne da dausayi.

Mu ma nan Najeriya ba a bar mu a baya ba. Akwai wata dabbar ruwa mai kama da ƙaton ƙadangare da aka samo burbushinta a ƙasar Sakkwato, aka sa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Ita ba dainoso ba ce, amma zamaninsu ɗaya, kuma shaida ce cewa teku ya taɓa kwanciya a inda yau ake noman albasa. Ni dai ban ji wannan a makaranta ba. Sai da na girma na ci karo da shi a karance-karancena, na ji kunya ta kama ni. Sunan garinmu yana cikin littattafan kimiyya na duniya, mu ba mu da labari.

To, tambayar da ake ta jayayya a kai ita ce: in mutum ya tono irin wannan ƙashi, daidai ne ya sayar wa duk wanda ya fi kuɗi, ko kuwa dole a ajiye shi inda masu bincike da sauran jama'a za su iya kaiwa gare shi? Da farko na ɗauka amsar a fili take. Da na bi tarihin abin sai na ga kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma kowane ɓangare yana da kashi a gindinsa.

Gaskiyar farko ita ce, shi kansa wannan fanni na ilimi da ciniki ya tashi. A garin Lyme Regis da ke gaɓar teku a kudancin Ingila an yi wata mata Mary Anning, an haife ta a 1799. Mahaifinta kafinta ne, ya rasu tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ya bar su da bashi. Da tsintar burbushin halittu a gindin duwatsun bakin teku suke ci. Ita da yayanta suka tono ƙwarangwal ɗin wata dabbar ruwa wajen 1811 zuwa 1812, a 1823 kuma ta tono wata mai dogon wuya wadda ta girgiza masanan zamanin. Manyan malamai suna zuwa su saya a hannunta, su koma Landan su yi rubuce-rubuce, sau da yawa ko sunanta ba sa ambata. Ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ba ta karɓar mata a lokacin. Ta rasu a 1847 ba ta tara komai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yanzu wa zai kalli wannan baiwar Allah ya ce ta yi laifi don ta sayar? Ba don ita ba da igiyar ruwa ta cinye ƙasusuwan.

Haka Archaeopteryx, halittar nan mai fuka-fukai da haƙora da aka samu a Jamus, wadda ta zama babbar hujja kan alaƙar tsuntsaye da dainoso. Wani likita ne ya mallake ta, ya sayar wa gidan tarihi na Landan a 1862 tare da sauran kayan da ya tara, a kan fam 700. Ciniki ne tsagwaronsa. Amma ku lura da inda kayan ya ƙare: gidan tarihi, inda har gobe ɗalibi zai iya neman izini ya je ya duba.

Wannan shi ne abin da ya canza a zamaninmu. Da can mai sayarwa yana neman na tuwo, mai saye kuma yawanci gidan tarihi ne. Yanzu farashin ya kai inda gidajen tarihi sai dai su zuba ido.

In ana neman ranar da abin ya juya, sai a koma kan Sue. A watan Agustan 1990 wata mata Sue Hendrickson, tana aiki da wani kamfani mai tono da sayar da burbushi a jihar Dakota ta Kudu, ta hango ƙasusuwa a jikin wani tsauni. Ashe Tyrannosaurus rex ne, kusan kashi 90 cikin ɗari na jikinsa yana nan. Shugaban kamfanin, Peter Larson, ya ba mai filin, Maurice Williams, dala 5,000. Daga baya Williams ya ce shi bai sayar da ƙashin ba. Ga shi kuma filin yana cikin yankin ƙabilar Sioux, kuma gwamnatin tarayya ce ke riƙe da shi amana. A 1992 jami'an FBI suka dira suka kwashe ƙasusuwan. Bayan doguwar shari'a kotu ta ce ƙashin ɓangare ne na ƙasar, don haka na mai filin ne. A watan Oktoban 1997 aka kai shi gwanjo, ya tashi a kan dala miliyan 8.36. Gidan tarihi na Field da ke Shikago ne ya saya, amma sai da kamfanonin McDonald's da Disney suka sa hannu a aljihu.

Masana sun yi ajiyar zuciya cewa Sue bai faɗa falon wani attajiri ba. Amma saƙon ya riga ya isa kunnen kowane mai gona a yammacin Amurka: abin da ke cikin ƙasarka zai iya zama miliyoyi. Masu binciken jami'a da a da ake barinsu su shiga fili kyauta, sai aka fara tambayarsu nawa za su bayar. Dokar Amurka kuma ta raba abin gida biyu. Abin da aka samu a filin gwamnatin tarayya ba a sayar da shi, akwai dokar 2009 a kan haka. Abin da aka samu a filin mutum kuwa nasa ne, ya ga dama ya sayar, ya ga dama ya farfasa.

Daga nan farashi ya yi ta hawa. Wani T. rex ɗin mai suna Stan, a watan Oktoban 2020 kamfanin Christie's ya sayar da shi dala miliyan 31.8. Fiye da shekara guda ba wanda ya san inda ya shiga, sai a 2022 aka bayyana cewa Abu Dabi ce ta saya don sabon gidan tarihinta. A watan Yulin 2024 aka sayar da wani Stegosaurus da ake kira Apex a kan dala miliyan 44.6, mai saye shi ne attajirin nan Ken Griffin, wanda ya ba da aronsa ga babban gidan tarihin halittu na Niyok na wasu shekaru. An yaba masa, kuma ya cancanci yabo. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da wa'adi ya cika, ko magada suka canza ra'ayi, shi ke nan.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Ƙashi ne fa, ba abinci ba, ba magani ba. In mai kuɗi ya saya ya kafa a falonsa, wa ya cuta?

Nan ne ya kamata mu fahimci yadda wannan ilimi yake aiki. Shi ƙashin rabin labari ne. Sauran rabin yana cikin ƙasar da ya kwanta: a wane shimfiɗin dutse aka same shi, me ke samansa, me ke ƙarƙashinsa, wane irin ganye ko kifi ko ƙwai ke kusa da shi, ta ina kansa ya fuskanta. Da waɗannan ake gane shekarunsa, da irin yanayin da ya rayu a ciki, da abin da ya kashe shi. Mai tono don kasuwa, in ba mai tsoron Allah ba ne, kai da haƙora da farata yake nema domin su ke kuɗi. Sauran ya watsar. Kamar mutum ne ya samu tsohon kundi na kakanni, ya yage shafin da ke da zane mai kyau ya kai kasuwa, ya bar sauran wa gara.

Na biyu, a kimiyya magana ba ta zama hujja sai wani ya iya zuwa ya duba abin da ka duba. In na ce na auna ƙashin nan na ga kaza, dole wani daga Zariya ko Tokiyo ya iya zuwa bayan shekara talatin ya sake aunawa, ya ce na yi daidai ko na yi kuskure. Shi ya sa babbar ƙungiyar masana wannan fanni a Amurka take hana mambobinta hannu a cinikin da zai fitar da muhimmin burbushi daga hannun jama'a, kuma mujallu da yawa ba sa buga bincike a kan abin da ke hannun wani mutum shi kaɗai. Ga masana, ƙashin da ya shiga gidan attajiri kamar ya koma cikin ƙasa ne.

Na uku, kayan aiki suna canzawa. Abin da ba a iya gani jiya ana ganinsa yau. Ƙwanƙwan kan Nigersaurus ɗin nan namu siriri ne ƙwarai, har haske yana ratsa wasu sassansa. Sai da aka sa shi a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki irin ta asibiti kafin aka fahimci yadda yake riƙe kansa da yadda sababbin haƙora suke jere a bayan tsofaffi suna jiran canji. A 2005 kuma wata masaniya Mary Schweitzer ta ba duniya mamaki da ta ba da rahoton samun wasu abubuwa masu laushi kamar jijiyoyi a cikin ƙashin cinyar wani T. rex daga Montana. Don a gano haka sai da aka narkar da ɗan guntun ƙashin a sinadari. Wane ne zai biya dala miliyan talatin sannan ya yarda a gutsuri kayan adonsa a jiƙa?

Na huɗu, inda kuɗi ya shiga, algus ya shiga. An taɓa sayar wa wani gidan tarihi a Jamus wani ƙoƙon kai daga Barazil. Da masana suka zauna aiki sai suka tarar dillalai sun ƙara masa tsawon baki da abin liƙi don ya yi kyan gani. Haushin da suka ji ya sa a 1996 suka raɗa wa dabbar suna Irritator, wato mai ban haushi. A 1999 ma mujallar National Geographic ta yi shelar wata sabuwar halitta daga Sin, daga baya aka gano guntayen dabbobi daban-daban ne aka harhaɗa aka manne.

Zuwa nan za ku ce na gama yanke hukunci: masana ke da gaskiya, 'yan kasuwa ke da laifi. A'a, ku dakata. Mu 'yan Afirka muna da dalilin yin taka-tsantsan duk lokacin da aka ce mana "don kimiyya".

Ku je gidan tarihin halittu na Balin a Jamus. A tsakiyar zauren akwai ƙwarangwal mai tsayin mita 13, ana ce masa Giraffatitan. Daga Tendaguru ya fito, a kudancin Tanzaniya ta yau. Jamusawa sun yi tono a wurin daga 1909 zuwa 1913, 'yan shekaru kaɗan bayan sun murƙushe tawayen Maji Maji a wannan yanki da kisa da yunwa. Ɗaruruwan 'yan ƙasa ne suka yi haƙan, su ne suka ɗauki ƙasusuwan a ka, tafiyar kwanaki a ƙasa zuwa tashar jirgin ruwa ta Lindi. Sama da tan 200 aka kwashe. Ba a yi gwanjo ba, ba attajirin da ya saya, komai an yi shi da sunan ilimi. Amma yaron da aka haifa a Lindi yau sai ya nemi biza kafin ya ga abin da kakanninsa suka ɗauka a ka. A wajensa, meye bambancin zauren Balin da falon attajiri?

Kuma gidan tarihi ma ba kabari ba ne da za a ce abin da ya shiga ya tsira. Ƙasusuwan Spinosaurus na farko daga Masar aka tono su a 1912, Bajamushe Ernst Stromer ya yi bayaninsu a 1915, aka ajiye a birnin Munik. A watan Afrilun 1944 jiragen yaƙin Ingila suka yi ruwan bama-bamai a birnin, ƙasusuwan suka zama toka. A 2018 gobara ta cinye babban gidan tarihi na Barazil a Riyo. Sannan wani abin dariya: ƙwarangwal ɗin da ya farfaɗo da binciken Spinosaurus a 2014, wani mai haƙa don sayarwa ne a kudancin Maroko ya tono shi. Masanin da ya yi aikin, Nizar Ibrahim, sai da ya yi ta neman mutumin a garin Erfud domin ya nuna masa ainihin ramin. A wannan yanki iyalai da yawa da wannan sana'a suke ci. Wanda yake zaune a ofis mai sanyi ya ce a hana su, sai ya faɗa musu abin da za su ci.

'Yan kasuwar ma suna da hujja mai ƙarfi guda ɗaya. Ƙashin da iska ko ruwa ya tone ya fito fili, in ba a ɗauke shi ba cikin 'yan shekaru zai ruɓe ya zama gari. Masanan jami'a ba su da yawa, kuɗinsu kaɗan ne, ba za su iya zaga kowane tsauni ba. Suka ce, gara mu tono mu sayar da a bar wa iska. Wannan magana ba ƙarya ba ce.

To ina mafita? Akwai ƙasashe biyu da suka burge ni.

Mongoliya tun 1924 ta ce duk burbushin da ke ƙasarta na ƙasa ne. A watan Mayun 2012 aka kai ƙwarangwal ɗin Tarbosaurus gwanjo a Niyok, aka sayar a kan dala miliyan ɗaya da 'yan kai. Masana suka ce irin wannan dabba daga saharar Gobi take fitowa. Shugaban ƙasar na lokacin, Elbegdorj, da kansa ya sa baki, aka ɗauki lauya, aka tsayar da cinikin. Dillalin, Eric Prokopi, ya amsa laifin fasa-ƙwauri, ya yi zaman gidan yari na wata uku, ƙwarangwal ya koma gida a 2013. Har ɗan fim ɗin nan Nicolas Cage, wanda ya sayi kan irin wannan dabba a kan dala 276,000 a 2007 ba tare da sanin asalinsa ba, ya yarda ya mayar.

Barazil kuma tana da doka tun 1942. A ƙarshen 2020 wasu masana suka buga bincike kan wani ƙaramin dainoso, Ubirajara, wanda aka fitar daga arewa maso gabashin Barazil yana ajiye a Jamus. Matasan masana na Barazil suka tashi a kafafen sada zumunta, irin wannan da muke ciki, suka yi ta matsa lamba ba dare ba rana. Aka janye binciken, a watan Yunin 2023 burbushin ya koma gida. Ba bindiga, ba zanga-zangar titi. Doka ce a hannu, da mutanen da suka san darajar abinsu, da naci.

Ku lura da abin da ya ceci ƙasashen nan biyu. Suna da tsohuwar doka a rubuce, suna da 'yan ƙasa masana da za su kalli hoto a kundin gwanjo su ce wannan namu ne, kuma suna da inda za su ajiye in an dawo musu da shi. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997, kuma akwai yarjejeniyar UNESCO ta 1970 wadda ta ambaci irin waɗannan kaya. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai akwai ƙasusuwan dainoso da kowa zai iya zuwa ya gani. Shi Sereno ya daɗe yana cewa abin da ya kwasa zuwa Shikago na Nijar ne kuma zai dawo, har ya kafa gidauniya don gina gidajen ajiya a Yamai da Agadas. Muna fata, muna kuma sa ido.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu tambayi kanmu: jami'o'inmu nawa ne suke yaye masu wannan ilimi? Yaranmu nawa ne suka san Goronyosaurus? Mun ga abin da ya faru da gumakan Nok, yadda aka yi ta haƙe su ana lodawa waje, kuma da hannun 'yan gida aka yi. Makiyayin da ya ga wani dogon dutse mai kama da ƙashin baya a cikin yashi, wa zai gaya wa? In ya kai rahoto me zai samu? In baƙo ya miƙa masa jaka hamsin, wa zai ga laifinsa?

Ga inda ni na tsaya. Ban yarda ƙashin da babu irinsa ya zama kayan adon mutum ɗaya ba, ko nawa ya biya. Dabbar nan ta mutu tun babu ɗan Adam, babu iyaka, babu takardar fili. Wanda ya tsince ta ya tsinci amana ne. Amma kuma ban yarda a ce wa talakan da ya tsinta ya miƙa kyauta don wani farfesa ya yi suna ba. A biya shi ladan idonsa da guminsa, biya mai tsoka, a rubuta sunansa a jikin allon, a ɗauki ɗansa aiki a wurin tonon. A raba tsakanin abin da yake da yawa, irin haƙoran kifi da ƙananan katantanwa da ake samu buhu-buhu, wanda za a iya barin mutane su yi sana'a da shi bisa lasisi, da abin da guda ɗaya ne a duniya. Attajirin da yake son sunansa ya ɗore, ya ɗauki nauyin tono ko ya gina zauren ajiya a sa sunansa a ƙofa, ya kai kwafin roba gidansa. Yawancin masu kallo ma ba sa bambance kwafi da na asali. Baƙon masani kuma ya zo, muna maraba, amma da ɗalibanmu a tawagarsa, da yarjejeniya a rubuce ta ranar da kaya zai dawo.

Na san wani zai rubuta min a ƙasa cewa, malam, mutane na fama da tsadar masara kana maganar ƙashin ƙadangare. Na ji, kuma ban raina wannan magana ba. Amma haka aka ce game da gumakan Benin, haka aka ce game da tsofaffin littattafanmu na ajami da aka saye a arha. Sai bayan sun tafi muka fara rubuta wasiƙun roƙo. Man fetur da yuraniyom in an haƙo an ƙone sun ƙare. Shi ƙashin nan in an adana shi, shekara ɗari yana kawo baƙi, yana koyar da yara, yana samar wa 'yan gari aiki. In an sayar kuwa, sau ɗaya za a ci kuɗin, kuma ba mai tsintuwar ne zai ci mai yawan ba. Ku tambayi kanku nawa aka ba wanda ya fara ɗaga dutsen Agadas daga cikin yashi.

'Yan'uwa na Agadas, Ingal, Tawa, Sakkwato da Goronyo, ina son jin ta bakinku. Kun taɓa cin karo da irin waɗannan duwatsu a daji? Me mutanen wajenku suke kiransu, kuma me ake yi da su in an samu? Malaman makaranta da ke bibiyata kuma, don Allah ko sau ɗaya ku nuna wa ɗalibanku hoton Nigersaurus, ku ce musu wannan a ƙasarmu aka same shi.

Allah Ya sa mu dace.